Girman kai rawanin tsiya: abin da malaman Yahudawa suka rubuta, da abin da nake gani a Damagaram

Rubutun yau yana da tsawo, kuma na san kan maganar kaɗai ya isa ya sa wasu su ɗaure fuska. Ina roƙon a daure a kai ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Ba a san Damagaram da unguwar Yahudawa ba, amma hanyarmu da tasu ta sha haɗuwa. A ƙarni na 19, ayarin raƙuman da ke tashi daga unguwar Zango ta Zinder ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus yana ɗauke da fatu da hauren giwa da gashin jimina, kuma da yawa daga cikin attajiran Tarabulus da ke sayen gashin jiminar nan su tura shi Landan da Paris Yahudawa ne. Tun kafin wannan da ɗaruruwan shekaru akwai Yahudawa zaune a Tuwat, tsakiyar Sahara, inda Shehu Magili ya fito kafin ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A wajajen 1492 Magili ya jagoranci rushe wurin ibadarsu a Tamantit, alƙalin Tuwat na lokacin kuwa bai goyi bayansa ba, har maganar ta kai ga neman fatawar malaman Fas da Tilimsan da Tunis. Ke nan mun yi ciniki da su ta hannun dillalai, mun ji labarinsu ta bakin rigima. Abin da bai taɓa iso mana ba shi ne littattafan da malamansu suka rubuta a kan gyaran zuciya.

Na san abin da ke ran mai karatu: Falasɗinu. Yana raina ni ma, kuma babu abin da zan rubuta a nan da zai wanke jinin yaron da aka kashe a Gaza. Amma malamai biyun da zan fi ambata sun mutu tun ƙarni bakwai ko takwas kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. A cikin Musulmi suka rayu, da Larabci suka yi rubutu, kuma abin da suka yi wa'azi a kai shi ne ainihin cutar da ke sa mai ƙarfi ya taka marar ƙarfi. Malamanmu sun karantar da mu, daga hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa girman kai abu biyu ne: ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. To in gaskiya ta zo daga bakin wanda ba ka so, ka ture ta don bakin da ta fito, ka riga ka faɗa a rabin farko.

A birnin Saraƙusɗa na Andalus, wanda yau ake kira Zaragoza a Sifaniya, an yi wani alƙalin Yahudawa mai suna Bahya bin Faƙuda. A wajajen 1080 ya rubuta littafi da Larabci cikin haruffan Ibrananci, ya sa masa suna Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub. Ƙorafinsa shi ne mutanensa sun ƙware a hukunce-hukuncen gaɓoɓi, me ake ci, me ba a ci, yaushe ake ibada, sun bar farillan zuciya ba mai tambaya. Ya kasa littafin babi goma: tauhidi, lura da halitta, ɗa'a, tawakkali, ikhlasi, tawali'u, tuba, yi wa kai hisabi, zuhudu, son Allah. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ana jan Ihya'u na Imamu Gazali zai ji kamar ya san gidan nan. Zamaninsu ɗaya da Gazali, kuma Bahya bai ɓoye cewa ya ɗebo daga maganganun masu gudun duniya na wasu al'ummu ba.

A babin tawali'u ya kawo labarin wani bawan Allah da ya wuce mushen kare tare da almajiransa. Almajirai suka toshe hanci suna kukan wari, shi kuwa ya ja hankalinsu ga farin haƙoran karen. Wannan labari yana cikin littattafanmu, ana danganta shi ga Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Darasin da Bahya ya ciro shi ne, in har abin kunya ne a aibata mataccen kare, ina ga ɗan Adam mai rai.

Inda ya fi kama ni shi ne alamomin da ya ce da su ake gane mai tawali'u na gaske. Bai ambaci sunkuyar da kai ko sanyin murya ko tsohuwar riga ba. Ya ce a dubi mutum lokacin da aka ci mutuncinsa alhali yana da ikon ramawa. A dube shi ranar da ya yi asarar dukiya ko ya binne ɗa. A dube shi in an yabe shi, sa'annan a sake dubansa in an faɗi aibinsa, musamman aibin da ya san gaskiya ne. A dube shi kuma in Allah Ya ɗaukaka shi da ilimi ko kuɗi ko kusanci da masu mulki: ya ƙara saukin kai ne, ko ya fara mance sunayen abokan wasansa? Kusan dukansu jarrabawa ce da ba ta zuwa sai mutum yana da wani abu a hannu. Shi ya sa ya ware wani irin ƙasƙanci da ya ce ba tawali'u ba ne sam, wato na wanda ake cuta ya yi shiru don rauni ko rashin sanin yadda zai kare kansa. Wannan, in ji shi, har dabbobi suna da shi.

A nan ne nake ganin mun juya abin. A garinmu talaka ake yi wa wa'azin tawali'u. Shi ake ce wa ya yi haƙuri, ya durƙusa, ya san girman manya. Wanda aikin ya hau kansa kuwa ba mai tunasar da shi.

Kowa ya san ƙishin Zinder. Ka tsaya bakin wata unguwa da rana tsaka a watan Afrilu, za ka ga dattijo mai furfura yana tura kura cike da jarkoki, jijiyoyin wuyansa a miƙe, gumi ya jiƙa rigar har ta manne a bayansa. Sai mota ta tsaya, a sauke gilashi rabi, yaron da bai kai ɗansa ba ya danna oda ya ce, "Kai, ga-ruwa!" Babu sallama, babu "baba", babu "sannu da aiki". Dattijon ya saki kurar ya taho da sauri yana cewa "ranka ya daɗe". Wanda ke cikin motar ƙila ya yi sallar azahar a sahun farko. Bai zagi kowa ba, bai doki kowa ba, in ka tambaye shi ma zai rantse bai yi komi ba. Wannan ne Bahya yake nufi da farillan da ba a gani.

Sai kuma maganar asali, wadda ta fi zurfi. Muna alfahari da tarihinmu, kuma muna da abin alfahari. Sarki Tanimun ɗan Sulaimana ya kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera masa igwa a nan gida. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya tari Faransawa a Tirmini a 1899. Zinder ce babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Amma ganuwar nan ba sarki ne ya cuɗa ƙasarta da ƙafarsa ba, igwar nan maƙera suka zuba ta, kuma wani kaso na arzikin wancan zamani daga cinikin bayi ya fito, kamar yadda Baturen nan James Richardson ya gani da idonsa da ya sauka garin a farkon 1851. Yau in saurayi ya je neman aure, sau da yawa ba a fara da tambayar sallarsa ko sana'arsa ba. A ɗaki ake shiga a rage murya: "Su wane ne kakanninsa?" In aka ji maƙera ne, ko mahauta, ko wanzamai, ko an taɓa mallakar kakan kakansa, sai a aiko da cewa an riga an yi wa yarinya miji. Muna yabon igwa muna ƙin jikan wanda ya ƙera ta. Unguwar Kara-Kara kuwa, da aka ware tun asali don masu cutar kuturta, har yau sunanta kaɗai kan rufe wa matashi ƙofa. Sai da ƴar garin nan Aïcha Macky ta ɗauki kyamara ta shiga, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, sa'annan wasunmu suka fara kallon fuskokin yaran a matsayin ƴaƴan mutane.

Malami na biyu ya fi shahara: Musa bin Maimun. A Ƙurɗuba aka haife shi, ya zauna a Fas, ya ƙare a Masar yana likita a fadar gidan Salahuddin, ya rasu a 1204. Koyarwarsa a kan halaye ita ce a bi tsaka-tsaki, kada rowa kada almubazzaranci, kada tsoro kada ganganci. Amma ya cire abu biyu daga wannan ƙa'ida, girman kai da fushi. Waɗannan ya ce babu tsakiya a cikinsu, mutum ya gudu har ƙarshen ɗaya gefen. Na fahimci dalilinsa. Mai rowa ya san yana da rowa, ko bai faɗa ba. Mai girman kai shi a ganinsa matsayinsa kawai ya sani, saboda haka in ka ce masa ya tsaya a tsakiya, inda yake tsaye nan zai kira tsakiya.

Sai dai akwai inda ban bi shi ba. Ya kawo labarin wani mai ibada da aka tambaya wace rana ce ta fi masa daɗi a rayuwa, ya ce ranar da yake kwance a lungun jirgin ruwa cikin tsummoki wani fasinja ya yi masa fitsari, shi kuwa bai ji ko ɗigon ɓacin rai ba. Irin wannan labari ana ba da shi a wurinmu game da Ibrahim bin Adham, wanda aka ce ya bar sarauta ya zaɓi talauci. Ga wanda ya sauko daga karaga da ƙafarsa, wannan magani ne. Amma ba zan karanta wa almajirin da ake kora daga ƙofar gida kamar akuya wannan labari ba, kuma ba zan karanta wa matar da mijinta ke wulaƙantawa ba. Su abin da suke bukata a gaya musu shi ne Allah Ya karrama su, kuma mutuncinsu haƙƙi ne. Wanda ya kamata ya ji labarin jirgin nan shi ne mai rawani, da mai ofis, da alhajin da ake layi a ƙofarsa ranar Juma'a, da ni da kai da muka ɗan yi boko muka fara gyara wa iyayenmu magana a gaban baƙi.

Akwai wani labari a Talmud, babban kundin fiƙihunsu, da nake so malamanmu da masu wa'azi a Facebook da WhatsApp su ji. Makarantu biyu ne, ta Hillel da ta Shammai, suka shekara uku suna jayayya, kowace na cewa hukunci nata ne. A ƙarshe aka tsayar da aiki a kan ra'ayin mutanen Hillel. Dalilin da aka bayar bai shafi kaifin ƙwaƙwalwa ko yawan hadda ba. An ce saboda suna da sauƙin hali, suna karantar da ra'ayinsu da na abokan jayayyarsu, har ma sukan fara kawo na abokan jayayyar kafin nasu. Yaushe rabon da ka ji ɗan Izala ya bayyana hujjar ɗan ɗariƙa yadda shi ɗan ɗariƙar zai ce "haka nake nufi", ko ɗan ɗariƙa ya yi wa ɗan Izala haka? Abin da muka saba shi ne a yanko minti ɗaya daga karatun mutum, a ɗora masa take, a watsa, almajirai su bi da zagi. Bahya ya kawo maganar wani malami da ya gaya wa almajiransa cewa da a ce ba su da zunubi ko ɗaya, da ya ji musu tsoron abin da ya fi zunubi, wato ji da kai. Girman kan mai ilimi da mai ibada ya fi na mai kuɗi wuyar magani, don mai shi yana ɗaukarsa kishin addini ne.

Ban kawo waɗannan mutane don mun rasa namu ba. Su kansu Attaura ta shaida musu cewa Annabi Musa, alaihis salam, ya fi kowa tawali'u a zamaninsa, mu kuma mun san Annabinmu, sallallahu alaihi wa sallam, yana gyara takalminsa da hannunsa, yana taya iyalinsa aikin gida. Na kawo su ne don wani lokaci maganar gida takan zama kamar kiran sallar masallacin da ke jikin katangarka, ka saba da shi har ba ka ji, sai baƙo ya kwana ya ce maka ladaninku yana da murya.

Ƴan'uwana Damagarawa, roƙona ƙarami ne. Mai kawo ruwa gidanka, ka tambayi sunansa yau, ka riƙa kiransa da shi, in ya girme ka ka ce masa baba. Iyaye, in yaro mai addini da sana'a ya zo neman ƴarku, ku bar kabarin kakanninsa ya huta. Wanda kuma ya ga kuskure a abin da na rubuta, ya gyara mini a ƙasa, ina saurare.