Karin Ishiriniya Ba Ya Cikin Littafi

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Bauchi kafin lasifika ta cika gari ya san daren watan Maulidi. Da an idar da isha'i sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan malami, a kunna fitilar ƙwai, a buɗe Ishiriniya. A majalisinmu ba ganga, ba bandiri, murya ce tsagwaronta. Mutum ɗaya ya ja baiti, saura su karɓe. Ina cikin 'yan amshin nan tun ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba.

Sai da na girma na san tsufan abin da muke rerawa. Alfazazi ya tsara Ishiriniya a birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus a shekara ta 604 bayan Hijira, wajen 1208 ke nan. Kowane harafi ya ba shi baiti ashirin na yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, haruffa 29, baiti 580. Daga baya Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora shaɗara uku a gaban kowane baiti, kuma da wannan tahamisin muka same ta. Alfazazi ya rasu a 1230. Shekara shida bayan haka Kurɗuba ta fita daga hannun Musulmi, babban masallacinta ya koma coci. Malam Yakubu bai kafa Bauchi ba sai a 1809. Garin da aka haifi waƙar ya manta da ita, garin da ya zo bayanta da shekara ɗari shida yana kwana a kanta.

Wani jikana da ya yi karatu a Ingila ya kunna mini wasu Turawa da suka maida rera tsofaffin waƙoƙin coci sana'arsu, The Tallis Scholars, waɗanda Peter Phillips ya haɗa a 1973. Su ma ba kiɗa, muryoyi ne kawai. Ya ce a zamanin Alfazazi akwai wani Perotin a majami'ar Notre-Dame ta Faris, yana tsara waƙa mai muryoyi huɗu, kowace da hanyarta. Su sun rubuta karin da alamomi a takarda, har masana na yau suna tono shi suna gardama a kan yadda za a rera. Mu kuwa kalmomin kaɗai aka rubuta mana. Karin da muke ja ba daga Andalus ya zo a rubuce ba, makogwaron iyayenmu ne ya sarrafa shi, shi ya sa na wannan zaure yakan sha bamban da na wancan. Idan mai shi ya rasu bai bar wa kowa ba, ya tafi ke nan, ko da littafin na nan a gafaka.

Na ga hakan da idona. Akwai wani dattijo makaho a unguwarmu da ke da wani kari na harafin Dal, mai saukowa a hankali kamar mai sauke tulu daga ka. Muka yi ta cewa za mu zauna mu ɗauka. Yau ko rabinsa ba wanda zai iya kawowa.

Amshi shi ne makarantar. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ba ya yabon mai zaƙin murya. Idan yaro ya ɗaga tasa sama da ta jama'a sai ya ce, "Kai ɗan nan, in kana jin kanka, to ba ka jin ɗan'uwanka." A nan na koyi jan numfashi lokacin da na kusa da ni bai ja nasa ba, don kada baiti ya yanke. A nan na koyi cewa in mai ja ya yi tuntuɓe, rufe shi ake yi da amshi, gyara sai an watse. Wannan ya yi mini amfani a zaman aure da zaman kasuwa fiye da wa'azi da yawa da na saurara.

Mutane kan ce saɓanin da ya taso a kan Maulidi bayan kafa Izala a Jos a 1978 shi ya rage majalisai. Ya taɓa su, babu musu, kuma hukuncin wannan na malamai ne. Amma a ganina lasifika ta fi yin ɓarna. Da aka miƙa wa mutum ɗaya makirfo, sai sauran suka zama 'yan kallo. Sha'irai sun ƙaru, Maulidin Bauchi ya fi da cika, amma nemo mini mutum ashirin da za su ɗauki harafi guda tare ba wanda ya riga wani.

Yanzu daren Juma'a nakan tara jikoki da 'ya'yan maƙwabta a zaure. Kwanaki wani ya ɗaga waya ya ce, "Baba, bari in naɗa, kada ya ɓata." Na ce ya naɗa, amma ya ajiye ta a kan buzu ya buɗe baki. Mun kai harafin Jim.