Fitilar Da Ta Faɗa Mana Shekarun Baba

Mahaifina tsohon ɗan kasuwar goro ne a Sabo ta Ibadan, kuma kamar yawancin tsararrakinsa, ba shi da takardar haihuwa. In an tambaye shi shekarunsa sai ya ce ya tasam ma ɗari. Shaidarsa guda ce tak: wani kwabo mai huji da ke cikin gwangwaninsa, tare da su anini da ɗari da taro da sisi da sule. Ya ce mahaifiyarsa ce ta rataya masa shi a wuya ran suna, yana sabo fil. Watau ke nan duk wanda ya karanta shekarar da ke jikin kwabon ya kusa sanin shekarun Baba. To, amma kwabon ya sha gumi da guga har ya yi sumul, idon tsoho ba ya gani, nawa kuma da tabarau ma sai lalube.

Sai na ce bari in ɗauki hotonsa da waya in faɗaɗa. Na kunna filas na danna, abin da ya fito wani farin faifai ne kamar wata daren goma sha huɗu. Na gwada da ƙwan lantarkin ɗaki, inuwar hannuna ta rufe shi. Ƙanena ya ba da shawarar a dirje shi da toka da lemun tsami, na ce a'a. Dirza takan cinye ɗan sauran rubutun, kuma masu tara tsofaffin kuɗi ba sa mutunta kwabon da aka goge. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani mai hoto da ke bayan layinmu shi ya warware mini matsalar. Ya ce rubutun kwabo ba da tawada aka yi shi ba, tudu ne da kwari, ido kuwa ba ya ganin tudu sai da inuwa. Filas yana fitowa ne daga gefen idon kyamara, ya bugi ƙarfe ya komo kai tsaye, saboda haka ba inuwa. Ya ce in tuna da sawun kaza a kan rairayi: da tsakar rana ba ka ganinsa sosai, amma da hantsi ko la'asar sakaliya, in rana ta karkata, sai ya fito raɗau. Ya nuna mini manyan fitilunsa, ya faɗi kuɗinsu, na yi shiru. Ya yi dariya ya ce fitilar tebur irin ta 'yan makaranta ta ishe ni, in dai na san abin da zan duba.

Ga abin da na duba da na shiga kasuwa, ko wani zai amfana. Na farko wuya. Fitilar da wuyanta ke lanƙwasuwa ta tsaya inda aka ajiye ta ita ce ta wannan aiki, domin aikin duka karkata haske ne. Na biyu launi. A jikin kwali akan rubuta lamba da harafin K: mai 2700 haskenta ja-ja ne, yakan mai da farin ƙarfe kamar tagulla, mai 6500 kuma yakan yi shuɗi-shuɗi. Wajen 5000 shi ya fi kama da hasken rana. In an ga an rubuta CRI 90 ko fiye, wannan alama ce fitilar ba ta ɓata launin abu. Na uku, na guji mai ƙananan ƙwayaye barkatai a fili, gama kowace ƙwaya takan bar ɗigonta a jikin ƙarfe. Na nemi mai farin murfi da ke haɗe hasken wuri guda. Na huɗu, na kunna kyamarar wayata a shagon na auna ta. Wasu fitilun masu araha suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa, amma a waya sai ka ga baƙaƙen layuka suna gudu. Biyu na ajiye saboda haka, mai shago yana ta harara. Daga ƙarshe na zaɓi mai caji, don halin wutar lantarkinmu ba sai an gaya wa kowa ba. Na sayi biyu iri ɗaya, kuɗinsu bai kai cefanen kwana uku ba.

Da dare na kashe ƙwan ɗaki don kada launi biyu su gauraya. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle, na ɗora kwabon a kan murfin kwalba ya ɗan tashi, na jera littattafai na kwantar da waya a kansu tana leƙo shi daga sama, na sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Fitilun na sa su kamar ƙarfe goma da ƙarfe biyu na agogo, na lulluɓe kowace da farar takarda marar kauri don haske ya yi laushi. Irin wannan fitila ba ta zafi kamar tsohon ƙwai, don haka takarda ba ta ƙonewa. Da wannan tsari sisi da sule na 1959 suka fito tsaf, ga koko a jikin sisi, ga ganyen kwakwa a jikin sule. Amma kwabon Baba ya ƙi.

Sai na tuna da sawun kaza. Na kashe fitila ɗaya, na cire takardar, na kwantar da wuyan ɗayar har ta kusa taɓa tebur, sa'an nan na riƙa juya kwabon a hankali. Can sai ga tauraro mai tsini shida ya taso, a ƙarƙashinsa kuma lambobi huɗu: 1936. Na juya ɗaya fuskar, ga kambi, ga rubutun Larabci a ƙarƙashin huji, ga kuma sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon Ingila cikin Janairun 1936 ya yi murabus cikin Disamba. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a Afirka ta Yamma ya shiga, da yake kwabonmu mai huji ba ya ɗauke da hoton sarki, suna kawai ake canzawa. An buga su da yawa, saboda haka ba wata dukiya ba ce a kasuwa, kuma ko da ita ce ba na sayarwa ba ne.

Da safe bayan mun gaisa na miƙa wa Baba wayar, lambobin sun cika fuskarta. Na ce, "Baba, kwabo ba ya riga shekararsa fita. In ran suna aka rataya maka shi, to ba a haife ka kafin 1936 ba." Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa yana shafa gilashin. Sa'an nan ya ce, "Ashe ni yaro ne." Muka yi dariya. Daga baya ya ce in ƙara faɗaɗa wajen hujin, inda igiya ta ci ƙarfen ya zama kamar ƙwai, ya ce nan ne Inna ta ɗaura. Bai ƙara cewa kome ba, ni ma ban ce ba.

Na aika wa 'yan'uwana hoton, na Kano da na Kumasi. Sauran kuɗin gwangwanin kuwa ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kowane dare biyu ko uku, Baba yana zaune kusa yana faɗa mini abin da kowanne ke saye a zamaninsa, ni kuma ina rubutawa.