Mako Guda Ina Lura da Tallace-tallace

Asabar

Da daddare mun taru a falo ana kallon Arewa24. Da aka tafi talla, Hajiya ta miƙe duba tuwo, yara suka ruga waje, ƙanena ya tayar da musun ƙwallon da ya bari. Babu wanda ya yi tsaki. Tallan ya zo ne daidai inda fitowa ta ƙare, kuma kowa ya san za a dawo. Yaran ma da waƙar tallan a bakinsu suka shigo, sun haddace ta ba wanda ya biya musu.

Lahadi

Bayan Asuba na kunna tafsiri a waya. Mai jan baƙi yana tsakiyar aya sai hoto ya ɗauke, ga wata tana yi mini tayin bashi ba jingina. Na'ura ce ta zaɓi wurin, ba ta san aya ba balle waƙafi. A gidan talabijin mutum ne ke yanka shiri, da wuya ya yi wannan aika-aikar.

Litinin

Data ta ƙare tun kafin Azahar. Nan fa maganar take. Mai kallon tashar da ba a biya, lokacinsa kawai talla ke ci. Mai waya kuwa shi ke biyan kuɗin sauke bidiyon da bai nema ba, tamkar a kai maka baƙon da ba ka gayyata ba, a ce kuma kai za ka sallami mai a-daidaita-sahun da ya kawo shi. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, lissafin ya ƙara ɗaci.

Talata

Su ma masu harkar sun san da haka. Tallan farko da aka biya a talabijin na agogon Bulova ne, a New York, a 1941, kuma tsarin nan na "ku dakace mu" ya rayu har yau. Intanet kuwa dole ta ja da baya. A 2010 YouTube ya fito da tallan da ake tsallakewa bayan daƙiƙa 5. A 2018 Chrome ya fara toshe tallace-tallace masu takurawa, irin waɗanda ke tashi da sauti da kansu. Mamallakin Chrome fa Google ne, wanda da talla yake ci. In mai sayar da abu ya rage shi da hannunsa, to ya ga masu saye na gudu.

Laraba

Na biya Kantin Kwari wajen wani Alhaji mai atamfa. Na ce, "Alhaji, ba ka sa talla a bidiyo?" Ya yi dariya. "Malam, wanda na katse wa kallo haushina zai ji. Ni a sitatus ɗin WhatsApp nake ɗora kaya, mai so ya leƙo."

Alhamis

Yau na kalli Labarina a YouTube, a wayar dai, amma a kishingiɗe. Da talla ya shigo ban damu ba, na tashi na sha ruwa. Ashe ba girman allo ba ne, yanayin mai kallo ne. Wanda ya zauna kallon dogon shiri ya riga ya ba da lokacinsa. Wanda ke neman farashin masara ko labarin rasuwa sauri yake yi, duk abin da ya tare shi abokin gaba ne. Shi ya sa Netflix, da ya daɗe yana gudun talla, ya iya shigo da shi a 2022 ga masu son rahusa.

YouTube yana barin mai bidiyon da ya kai minti 8 ya zaɓi inda talla zai shiga da kansa. Masu finafinanmu da masu ɗora karatun malamai, don Allah ku riƙa zaɓa, kada ku bar wa na'ura.