Babur ɗin haya na yini ɗaya

Jama'a, kaka ta yi, bukukuwa sun kankama, kuma na ga 'yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja sun fara tururuwa zuwa gida. Bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara war haka, don har yau in na ga ɗan kawuna yana ɗingishi sai gabana ya faɗi.

Ɗaurin aure ne ya kawo ni Malumfashi, kwana biyu kacal zan yi. Ina so in leƙa gwaggona a wani ƙauye ta wajen Kafur, ga kuɗin achaba ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Sai wani yaro ya ce akwai mai ba da hayar Boxer, N5,000 yini guda, mai kuma naka ne. Na lissafa na ga akwai sauƙi. Ban tambayi takardu ba, ban taka birki na ji ba, ban ma duƙa na kalli taya ba. Shi ma mai babur bai tambaye ni ko na iya tuƙi ba. Ya karɓi kuɗi, ya miƙo makulli, shi ke nan.

Gaskiyar magana, rabona da tuƙa babur tun Janairun 2013 da aka hana achaba a Kano bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, lokacin da na sayar da nawa. Amma wa zai faɗi haka a gaban yara? Na goya ɗan kawuna muka kama hanya.

Wanda ya san yankinmu a kaka ya san kwalta ba ta masu abin hawa ba ce su kaɗai. Daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, gefen titi duk shanya ce: masara, dawa, waken suya, wani wurin barkono. Ana jera duwatsu a kewaye shanyar don kada mota ta taka. Ga amalanken shanu, ga manyan motoci masu lodin hatsi da ba sa kauce wa kowa. Ɗan achaban gari ya san kowane rami, ya san kwanar da yashi ke taruwa. Ni baƙo ne a hanyar da nake ganin tamu ce.

Wata tirela ta taho, na kauce gefe, sai ga shanyar waken suya a gabana. Na taka birkin baya, ashe babu komai a ciki sai suna. Na damƙe na gaba da ƙarfi, taya kuwa ta suɗe, ta hau waken nan kamar an zuba mata tsakuwa. Abin da na sani kawai shi ne mun watse. Ni na kurje daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, salansa ta ƙona min ƙauri. Shi kuwa babur ɗin a kan ƙafarsa ya faɗa, ƙashi ya karye gida biyu. Babu mai hular kwano a cikinmu. Kun dai tuna yadda muka yi da dokar hular a 2009, har wasu na kifa ƙwarya a ka don a yi dariya. Ranar nan dutsen shanya bai fi taku ɗaya daga inda kaina ya sauka ba.

Mun je asibiti, daga baya iyali suka ce a kai shi wajen mai ɗori. Wata uku yaron nan yana kwance, a daidai lokacin da ake casa da kai amfanin gona kasuwa. Kawu bai ce min komai ba sai "Haka Allah ya ƙaddara, ɗana." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sai kuma mai babur. Ya ce lafiya lau ya ba ni abinsa, birkin ma ni na lalata. Babu rubutu, babu shaida, inshora kuwa kada ma a yi zancenta. Na biya gyara har da abin da ya lalace tun kafin a san za a yi bikin. Bakaniken da ya gyara ne ma ya tambaye ni, da a ce jami'an tsaro ko 'yan sa-kai sun tare ni a hanyar ƙauye, baƙuwar fuska a kan babur marar takarda, me zan ce musu? A jihar da a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta taƙaita hawa babur da dare, ta hana goyon mutum uku, saboda 'yan bindiga da shi suke ta'asa. Sai a lokacin jikina ya yi sanyi.

Wani abokina da ke aiki a waje ya ce abin ba namu ne kaɗai ba. A tsibirin Bamuda, masu sauka daga jiragen ruwan yawon buɗe ido na 'yan awoyi sukan yi hayar ƙananan babura irin roba-roba, alhali a can hannun hagu ake bi, yawancinsu kuma daga Amurka suke inda ake bin dama. Da yawa da kurjewa suke komawa jirgi, wasu ma jirgin ya tafi ya bar su a gadon asibiti. Gaggawa ce iri ɗaya da tawa: lokaci kaɗan, baƙuwar hanya, babur ɗin da ba ka san halinsa ba.

Ban ce masu ba da haya su daina neman abincinsu ba. Amma wanda ya miƙa wa yaro ɗan shekara 15 makulli ranar Sallah don ya je kilisa, ko ya ba da babur ya san birkinsa ya mutu, to ya san abin da ya aikata.

Jibi zan sake zuwa Malumfashi, ƙanwar amaryar bara ce za a aurar. Na riga na kira wani ɗan achaba na gari, mun yi tsada zai kai ni wajen gwaggo ya jira ni ya dawo da ni.