Lissafin kokowar bana: Baba ya yi daidai ko ya yi kure?

Manomi ba ya sanin abin da ya samu sai damma sun shiga rumbu. Haka kokowa take. Sai fili ya watse ake zama a yi lissafi.

A wani ƙauye na gundumar Gazawa akwai wani tsohon ɗan kokowa. Samari suna ce masa Baba. Shi ke ba su horo. Bana samari 6 gare shi. Da aka gama yankan hatsi suka fara fita. Sun yi wasa a garuruwa 5, har cikin ƙasar Agye. Sun kuma amsa gayya ɗaya a ƙasar Gidan Rumji, wajen Gobirawa. Cikin wasa 6 sun rinjaya a 4, an rinjaye su a 2.

Ƙarfinsu duka yana ga saurayi guda, ɗan ƙanen Baba. Ba wanda ya kai bayansa ƙasa. Makaɗa sun yi masa kiɗa. Ƴan gari suka fara cewa wanga yaro sai Maraɗi.

Hanyar Maraɗi kuwa tana da hawa-hawa. Ana fara zaɓe daga ƙasa, a je gunduma, sannan a haɗu a jaha. Gazawa ta zama gunduma a 2011. Kafin nan tana cikin Agye. Jahohin Nijar 8 ne. Kowace tana kai ƴan kokowa 10 wurin neman takobi, su 80 ke nan. Wanda ya faɗi sau ɗaya, takobi ya wuce shi. An fara wannan gasa a Tawa a 1975. Sarkin kokowa na farko ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu. Filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Don haka kowane ƙauye yana son a ce ga nasa a ciki.

Saura kwana 8 a yi zaɓen gunduma, saurayin ya zame daga amalanke yana sauke buhun wake. Gwiwa ta kumbura. Mai ɗori ya ce targaɗe ne. A likita aka ce ya huta wata guda.

Saurayin ya zo wurin Baba da dare. Ya ce, “Baba, ku bar ni in shiga. Zan ɗaure ta da tsumma.”

Baba ya ce, “Ɗana, da gwiwar nan kake noma. Mutum 9 ke cin tuwo a gidanku. Ba ka shiga.”

Baba ya sa wani yaro mai shekara 19 a madadinsa. Yaron ya kada mutum ɗaya, na biyu ya kada shi. Sauran ma suka zube. Ba a ɗauki kowa daga ƙauyen ba.

Gari ya ɗau zafi. Wasu suka ce tsoro ne. Wasu suka ce tsufa ya kama Baba. Maigari ya kira shi gaban dattawa. Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, zaɓe yana dawowa baɗi. Gwiwa in ta lalace ba ta dawowa.”

To jama'a, ga lissafin.

Hana saurayin shiga daidai ne. Abokin karawa ba ya tausayi. In ya ga ƙafa ɗaure, nan zai kai hannu. Da ya shiga, da wuya ya tsira da ƙafar, balle ya yi kaye.

Sa yaron ma daidai ne. Ya ga babban fili, ya ji ihun jama'a, ya san nauyin manya. Wannan ba a koyon sa a dandalin gari.

Amma Baba ya yi kure biyu, kuma bai musa ba. Na farko, ya jingina ga mutum ɗaya. Duk inda aka je, ɗan ƙanensa ake turawa, wata rana har sau 3 a dare guda. Sauran suna zaune suna tafi. Mai gona ɗaya, in fara ta sauka, rumbunsa ya tashi wayam. Na biyu, ya makara da horo. Bai tara samarin ba sai da aka gama kaka. Ƙarfin hannu suna da shi, na noma ne. Numfashi ne babu. Kokowa in ta ja, su ke fara haki. Wasa 2 da suka rasa, haka aka yi.

Baba ya ce baɗi da sake. Gudun safe zai fara tun hatsi yana tsaye. Kowane saurayi zai shiga fili a kowace gayya. Wanda ya ji ciwo ya faɗa da wuri, kada ya ɓoye.

Yanzu kumburin ya saɓe. Saurayin yana garka yana ban ruwa, ba ɗingishi. Har yau akwai masu jin haushin Baba a gari. Uwar saurayin ba ta cikinsu. Ta aika masa da ƙwaryar fura.