Kunya Ba Ta Tsayar Da Jini



Kwanakin baya asusun gaggawa na ƙungiyarmu ya biya kuɗin aikin tiyata na wata 'yar uwa a nan Legas. Mu uku kaɗai muka san ko wace ce, kuma haka zancen zai tsaya. Ita ce ta ce mu faɗi abin da ya same ta, ko Allah zai sa wata ta tsira.

Matar aure ce. Ciki ya shige ta tana goyo, ga halin da ake ciki na tsadar rayuwa. Wata ƙawa ta kai ta wani ɗaki a bayan kyamis, aka zubar. Da jini ya ƙi tsayawa, mutumin ya cusa mata bandeji, ya sallame ta, bai ko gaya mata akwai abin da za a ciro ba.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, ga ciwon mara, ga ruwa mai wari. Mutanen gida suka ɗauka maleriya ce, aka yi ta sayen magani. Ta san ba ita ba ce, amma kunya ta hana ta magana. Sai da ta yanke jiki ta faɗi aka kwashe ta zuwa babban asibiti. Likitoci suka tarar bandejin ya ruɓe a ciki, ƙarfen da aka yi amfani da shi ya huda mahaifa, mugunya ta taru. Ta rayu, amma sai da aka cire mahaifar.

Likitan ya yi mana bayanin da ya kamata kowa ya ji. Duk abin da ya rage a mahaifa, ko auduga, ko guntun roba, ko ragowar cikin kansa, matattarar ƙwayoyin cuta ne. Daga nan suke shiga jini, su taɓa ƙoda, su yi kisa cikin 'yan kwanaki. Wadda ta tsira ma tana iya rasa haihuwa.

Kada mu ɗauka abin na wasu ne. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai. Dokar ƙasa ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa, hukuncin addini kuma malamanmu sun sha yin bayaninsa. Ba muna kiran kowa ga zubar da ciki ba ne. Amma wadda ke zubar da jini majinyaciya ce, kuma kula da ita a asibiti ba laifi ba ne.

Don haka in mace ta yi ɓari ko ta zubar, sai ga zazzaɓi, wari, jiri, matsanancin ciwon mara ko jini mai gudaji da ya ƙi raguwa, a tafi asibiti a ranar. A gaya wa likita gaskiya, domin ita za ta sa ya yi hoton ciki da wankin ciki kan lokaci.

Mazaje da iyaye, a kai ta tukuna, tambaya ta biyo baya. Wanda kuɗi ya tsare ya tuntuɓi shugabar mata ko sakatare, sirrinsa na nan a rufe.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.