Ƙarfin Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan uwana ɗalibai, a nan Gangara keke abin zuwa gona ne, da kai niƙa, da ɗebo ruwa, da zuwa makaranta. Amma a Turai akwai mutanen da tseren keke ne sana'arsu, da shi suke ci suke sha, har su yi arziki. Babbar gasarsu ita ce Tour de France, wadda aka fara a ƙasar Faransa a 1903. Mako uku ake yi ana fafatawa, a ci tafiyar da ta haura kilomita 3,000, a hau duwatsu a gangaro. Wanda ke kan gaba shi ake sa wa riga ruwan ɗorawa.

Wani zai ce, to me ya haɗa ɗan Gobir da tseren keken Faransa? Ƙwaya ce ta haɗa mu. Tiramol ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye a kasuwanninmu, wadda wasu samari ke haɗiya kafin su ɗauki fartanya ko su hau babur ɗin kabu-kabu, ita ce hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta wa 'yan tsere tun watan Maris na 2019. Dalilinta shi ne ƙwayar na kawo jiri da gyangyaɗi da raguwar natsuwa, mutum ya faɗi ya kuma kayar da na kusa da shi. A 2022 wani shahararren ɗan tsere daga Kolombiya, Nairo Quintana, ya zo na shida a Tour de France. Da aka gwada jininsa aka ga tiramol. Ya musa, ya kai ƙara kotun wasanni ta duniya, bai yi nasara ba. Aka soke sakamakonsa, ya rabu da ƙungiyarsa, ya shekara guda ba ƙungiyar da ta ɗauke shi. Daga farkon 2024 kuma hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta hana amfani da tiramol lokacin gasa a dukkan wasanni.

Wanda ya fi kowa yin suna a wannan harka shi ne Lance Armstrong, ɗan Amurka. Ya kamu da ciwon daji a 1996, ya warke, sannan ya ci Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Duniya ta ɗauke shi gwarzo. Ashe yana yi wa kansa allurar EPO, wani sinadari da ke ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don iska ta isa tsoka da yawa, mutum ya daɗe bai gaji ba. Har jininsa ake ɗiba a ajiye, a mayar masa tsakiyar gasa. Shekara da shekaru yana rantsuwa bai taɓa yi ba, yana maka masu zarginsa a kotu. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2012 abokan tserensa suka ba da shaida, aka ƙwace nasarorin nan bakwai, aka hana shi shiga gasa har abada. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsa, irin su Nike, suka juya masa baya. A watan Janairun 2013 ya zauna gaban Oprah Winfrey a talabijin ya amsa laifinsa da bakinsa. A 2018 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 5. Yau in ka duba jerin waɗanda suka ci gasar, gurbin shekarun nan bakwai fayau yake, ba sunan kowa.

Shi Armstrong suna da dukiya ya rasa. Akwai wanda ya rasa ransa. Ran 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson ɗan Ingila yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ya yanke jiki ya faɗi daga kan kekensa, bai ƙara tashi ba. Shekarunsa 29. Da aka bincika gawarsa aka sami ƙwayar hana gajiya da barasa a jikinsa. Jikinsa ya daɗe yana ce masa ya tsaya, ƙwaya ta toshe masa kunne.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don na ga irinsa da idona. A daminar bara na bi yayana aikin ƙwadago a wata gonar gero. Cikin ma'aikatan akwai wani saurayi da bai fi shekara ashirin ba. Kafin mu kai rabin kunya, shi ya fita ya kama wata. Ba ya zama a inuwa, ba ya neman fura, ko ruwa sai an matsa masa. Masu gona suna rububinsa, don aikin mutum biyu yake yi a kuɗin mutum ɗaya da ɗan ƙari. Mu yara muna sha'awarsa. Yayana ne ya ce mini, "Kai dai riƙe fartanyarka, wannan ba ƙarfinsa ba ne." Kafin a yanke gero, wata rana da hantsi ya faɗi tsakiyar gona yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Aka ɗauke shi a amalanke. Ya rayu, amma yanzu in bai sha ba ko buhun taki ba ya iya ɗagawa, kuma abin da ya samu a wuni rabinsa wurin mai ƙwaya yake ƙarewa. Masu gonar da ke rububinsa sun nemi wani.

Malamin kimiyya ya yi mana bayanin abin a aji. Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubuta wa wanda aka yi wa tiyata ko ya ji mummunan rauni. Ba ta ƙara wa tsoka komai, ɓoye ciwo kawai take yi. Gajiya da ciwo kuwa saƙo ne daga jiki cewa a dakata. Wanda ya kashe saƙon kamar direba ne da ya cire fitilar da ke nuna injin ya yi zafi, ya ci gaba da taka mota. Wadda aka yarda a sayar a Najeriya mai miligiram 50 ce ko 100, bisa takardar likita, amma wadda ake fasa-ƙwaurinta takan kai 200 ko 225. Yawan shanta na kawo farfaɗiya, kuma jiki na sabawa da ita har ya kasa aiki sai da ita.

Akwai kuma wanda ake zalunta, wato mai gaskiyar da aka tsere wa. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan Najeriya huɗu sun zo na biyu bayan Amurka a gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, aka ƙwace zinarensu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinaren. Amma Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a watan Disambar 2011. Ya bar duniya bai riƙe abin da ya ci da guminsa ba. Wa zai biya shi wannan?

Kada kuma mu ce Turawa ne kawai. Blessing Okagbare, wadda ta daɗe tana ɗaga tutar Najeriya a gudu da dogon tsalle, an dakatar da ita ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, daga baya aka yanke mata haramcin shekara 11. Ga mai gudu, wannan ƙarshen sana'a ke nan.

Na san abin da wasu za su ce: talauci ne, aikin ya yi yawa, kowa ma yana sha. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsanani a wannan yanki namu, daga Sabon Birni har Isa, kuma ba wanda zai raina wahalar mai neman abin kai wa gida. Amma 'yan tseren zamanin Armstrong ma haka suka ce, kowa yana yi. Da ranar biya ta zo, kowa shi kaɗai ya biya. Ƙwaya bashi ce da mutum ke ci daga jikinsa na gobe, kuma ruwan da ke kanta ya fi uwar kuɗin.

Gasar wasanni tsakanin gidaje na tafe, jarrabawa ma na tafe. Za a sami mai raɗa maka cewa ga abin da zai sa ka fi kowa gudu, ko ka kwana kana karatu ba barci. Ka tambaye shi ina waɗanda suka riga ka sha suke yanzu. In kuma kana da aboki da ya riga ya fara, kada ka yi masa dariya, kada ka kuma rufa masa asiri har ya faɗi. Ka kai maganar ga malamin da ka amince da shi, ko wani babba a gidansu, a kai shi asibiti tun da wuri.

Malamanmu, muna roƙon ku riƙa kawo mana wannan batu a taron safe, ku kuma yaba wa wanda ya zo na biyar da ƙarfinsa kamar yadda kuke yaba wa na ɗaya. Mu kuwa ɗalibai, mu yi atisaye, mu ci tuwonmu, mu yi barci, mu fita fili da abin da muke da shi. Wanda ya zo na biyar bana yana iya zuwa na ɗaya baɗi, kuma ba mai zuwa bayan shekara goma ya ce ya dawo da kofi.